ZANCEN GIDA: Mu Kai Yara Su Ga Teku

Wata uwa ta rubuto mini daga wajen Kafanchan. Ta ce 'yarta mai aji biyar ta dawo daga makaranta tana tambaya ko gaskiya ne akwai ruwan da ba a hangen ƙarshensa. Da ta kai zancen wurin maigidanta, sai ya ce yawon bakin teku na masu kuɗi ne da Turawa. Shi ne ta ce in faɗa mata gaskiya, ko iyali masu ƙaramin albashi za su iya irin wannan tafiya.

'Yar'uwa, za su iya. Ni da uwargida da yaranmu huɗu mun yi ta a Disambar 2023 cikin tsohuwar motarmu, daga Legas har Elmina ta ƙasar Gana, muka dawo cikin kwana 10. Yawancin dare a tanti muka kwana. Amma fa akwai inda ake tsimi, akwai kuma inda tsimi wauta ne. Saura kaɗan mu koyi wannan da hawaye, shi ya sa zan ba ku labarin dalla-dalla.

Bari mu fara da hanya. Daga Legas zuwa Akra, wadda kakanninmu fatake suke kira Ankara, bai kai kilomita 500 ba, amma ana ratsa ƙasashe huɗu, watau Nijeriya da Benin da Togo da Gana. Iyaka uku ce: Seme, da Hillacondji, da Aflao. Ƙasar Togo ta wajen teku siririya ce, faɗinta bai wuce kilomita 60 ba. Da kun shiga cikinta sai ku mai da agogonku baya da sa'a guda. Daga Akra kuma zuwa Cape Coast kamar kilomita 150 ne, Elmina tana gaba kaɗan. Masu tasowa daga Jos ko Kaduna su ƙara kwana biyu na zuwa Legas da biyu na komowa, kada su ce za su haɗiye hanyar a yini ɗaya. Lokacin da ya fi kyau shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu. Daga Afrilu zuwa Yuli ruwan sama yana da yawa a can, musamman a watan Yuni, tanti kuwa ba ya daɗi a cikin laka.

Abu na fari da ba a tsimi a kansa shi ne takardu. Bisa ga yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar yana iya shiga wata ƙasar ƙungiyar ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Amma dole kowa ya riƙe fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, har yara. Dole kuma kowa ya riƙe katin nan mai ruwan ɗorawa na allurar rigakafin shawara. Mota ma tana da nata: takardun mallaka, lasin tuƙi na ƙasashen waje, da inshorar ECOWAS da ake kira Brown Card. A kowace iyaka kwastan za su ba ku takardar izinin shiga da mota, ku adana ta gama za a neme ta sa'ad da za ku fita. 'Yan'uwa na Nijar su lura, ƙasarsu da Mali da Burkina Faso sun fita daga ECOWAS a Janairun 2025, saboda haka su tambayi jami'an shige da fice tun kafin su ɗaura kaya. Wanda takardunsa suka cika yana magana da ƙarfin zuciya a shingen hanya. Wanda nasa ba su cika ba kuwa, shi ne yake biyan kuɗin da ba a ba da rasit.

Sai zancen kuɗi. Wata 8 muka yi muna ajiya. Da lokaci ya yi, uwargida ta kawo ambulan huɗu ta rubuta a kansu: mai, abinci, masauki da shiga wurare, sai na huɗu wanda ta ce na tsautsayi ne. Wannan na huɗu a jakarta ya zauna, ta ce ko na roƙa ba za ta ba ni ba sai mota ta lalace ko wani ya kwanta ciwo. Ku tuna za ku taɓa kuɗi iri uku: naira, da sefa a Benin da Togo, da sidi a Gana. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, abin da kuke gani da yawa a gida yakan ƙanƙance a hannun 'yan canji. Ku tambayi farashi wurin mutum biyu ko uku kafin ku canja, ku kuma ƙirga a gabansa.

Inda muka yi tsimi sosai shi ne abinci da wurin kwana. Mun tafi da risho, da tukunya biyu, da shinkafa, da gari, da ƙuli-ƙuli, da yaji, da jarka biyu na ruwan sha. Kada ku raina zancen ruwa. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kamar giram 35, ba ya shayuwa, sabulu ma ba ya kumfa a cikinsa. Kifi kuwa a bakin ruwa muke saye. Da sassafe masunta sukan ja babban taru daga kan rairayi, mutum ashirin ko fiye a kan igiya ɗaya suna waƙa. Samarinmu sun kama musu ja, aka sallame su da ƙananan kifaye cike da kwano. Amma ku sani a garuruwa da yawa na gaɓar Gana masunta ba su fita ran Talata, don haka ku sayi naku tun Litinin.

A Gana yaranmu sun yi dariya da suka ga abincin gida ya riga su zuwa. Ana sayar da koko da ƙosai a bakin titi da safe, ana kuwa ce masa kokon Hausa. Shinkafa da wake da suke kira waakye, daga bakinmu sunan ya fito. Dalili kuwa shi ne kakanninmu sun daɗe suna fataucin goro zuwa Gwanja, waɗansu suka zarce har bakin teku suka kafa zango. A Kwatano akwai unguwar Zango, a Akra akwai Nima da Sabon Zango. Mu da ba mu jin Faransanci, Hausa ce ta fishe mu a tasha da kasuwa.

Game da tanti, ga abin da muka koya. Kada ku kafa shi a inda kuka ga dama don kun ga ba kowa. Kowane rairayi yana da masu shi. Ƙananan masaukai na bakin teku sukan yarda a kafa tanti a cikin shingensu a biya kaɗan, a sami makewayi da mai gadi. A wani ƙauye kuma mun je mun gai da mai gari, ya nuna mana wuri kusa da gidan ɗan'uwansa. Ku isa masauki tun da sauran rana, gama tuƙin dare a baƙuwar hanya ba riba. Teku yana cika yana janyewa sau biyu kowace rana. Ku duba inda ruwa ya bar layin ciyayi da tarkace, ku kafa tantinku can sama da shi nesa. Kada ku kwana ƙarƙashin itacen kwakwa mai 'ya'ya, gama idan ɗaya ta faɗo ba ta sallama. Kada ku hau rairayi da mota, za ta kafe. Kowa kuma ya kwana cikin gidan sauro, domin zazzaɓin cizon sauro ba ya hutu a wannan gaɓa.

Yanzu ga abin da ya sa na ce saura kaɗan. A rana ta uku muna kusa da Grand-Popo ta ƙasar Benin. Ɗanmu na fari, mai shekara 16, a bakin kogi ya girma, yana kuwa taƙama da iyo. Ya ce, "Baba, ga wuri can da ba raƙuman ruwa, bari in shiga nan." Na duba, na ga lalle wurin ya fi ko'ina kwanciya, sai na ce ya je. Kafin in gama kunna risho sai na ji uwargida ta ƙwala ihu, "Maigida, ruwa yana tafiya da yaron nan!" Na ɗaga kai na gan shi yana ta fama ya komo, amma sai ƙara nisa yake yi. Ni kuwa ban iya ruwa ba. Waɗansu masunta biyu da ke gyaran taru suka ruga. Ɗaya ya tsaya yana yi masa alama da hannu ya bi gefe, ɗayan ya faɗa ruwa da igiya. Suka fito da shi can gaba da inda ya shiga, ya sha ruwa ya gaji, amma da ransa.

Wani Bahaushe mai sayar da shayi ya fassara mana abin da babban cikinsu ya ce. Wurin da muka ɗauka mai lafiya, shi ne mafi hatsari. Ruwan da raƙuman suka turo kan rairayi dole ya koma, sai ya tattaru ya bi ta wani siririn kwari da ƙarfi zuwa cikin teku. A nan ne raƙuman ba su fashewa, ruwan yakan yi duhu ko ya gurɓace da yashi. Ko gwanin iyo ba ya iya yi masa gaba da gaba. Wanda ya kama kada ya yi kokawa da shi. Ya kwanta a kan ruwan ya huta, ya ɗaga hannu a gan shi, sa'an nan ya yi iyo ta gefe yana bin tsawon gaɓa har ya fita daga kwarin, kana ya nufo tudu. Dattijon ya dube ni ya ce, me ya hana ni tambaya, ga su zaune kusa da ni? Ban sami amsa ba. Na yi wata 8 ina lissafin mai da shinkafa, ban yi minti ɗaya ina tambayar halin ruwan da zan kai 'ya'yana ba. Daga ranar muka kafa doka: ba mai wuce gwiwa, ba mai shiga sai babba yana tsaye yana kallo, ba kuma inda za mu taɓa ruwa sai mun tambayi masunta. Mun buɗe ambulan na huɗu a ranar, muka yi musu godiya da abin da ya sauƙaƙa.

Kada wannan ya hana ku tafiya, gama abin gani yana da yawa. A Badagry akwai wurin da Thomas Birch Freeman ya yi wa'azi a ƙarƙashin itacen agiya a 1842, da gidan bene na mishan wanda aka gina a 1845. A Ouidah akwai hanyar da ake bi da bayi zuwa jirgi, da ƙofar tunawa da aka gina a bakin ruwa a 1995. A Keta yara sun ga yadda teku ya cinye rabin kagarar da mutanen Denmak suka gina a 1784. A Ada mun tsaya inda kogin Volta ya shiga teku. Idan ambulan na uku bai ƙare ba, ku kai yara dajin Kakum a arewacin Cape Coast, su taka gadar igiya da aka rataya a kan dogayen itatuwa.

Amma inda ya fi tsaya mini a rai shi ne kagarun Elmina da Cape Coast. Mutanen Fotugal ne suka gina ta Elmina a 1482, mutanen Holan suka ƙwace ta a 1637, Ingilishi suka karɓa a 1872. A Cape Coast aka shiga da mu ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda ake tsare bayi kafin a haye da su. Mai yi mana jagora ya kashe fitila na ɗan lokaci, sa'an nan ya nuna mana cewa ɗakin sujadar Turawan yana bisa kanmu daidai. Autarmu ta ja hannuna ta ce, "Baba, ba su jin kukan na ƙasa ne?" Wannan tambaya ta bi mu har gida, mun kuma yi ta zancenta a kan tabarma dare da yawa. Babu littafin makarantar da zai koya mata abin da ta gani da idonta a ranar.

To, 'yar'uwa ta Kafanchan, ki karanta wa maigidanki wannan. Idan ƙetare iyaka ya yi muku nauyi a bana, Badagry kaɗai ta isa yarinya ta ga ruwan da ba a hangen ƙarshensa, ba fasfo ba canjin kuɗi. Idan ba ku da mota, iyali biyu su haɗa kai su raba kuɗin mai. Ku yi tsimi a kan gado da abincin otal yadda kuka iya. Amma takardu, da gidan sauro, da lafiyar taya da birki, da tambayar masunta kafin yaro ya sa ƙafa a ruwa, waɗannan kada ku rage ko ɗaya. Matambayi ba ya ɓata.

Ku rubuto mini idan kun je kun dawo. Allah ya kiyaye hanya. Sai wata mai zuwa.