SHARHI: Sauya Manhajar Lissafin La'ada, Kada a Saki Reshe a Kama Ganye

Tun shekarar 1930, lokacin da layin dogo daga Kano ya ƙarasa Nguru, garin ya zama matattarar gyaɗa da fatu da ƙaro, kuma da wuya kaya su tashi daga hannun mai su zuwa na mai saye ba tare da dillali ya tsaya a tsakani ba. Haka al'amarin yake a kasuwar Gashuwa, inda ake hada-hadar shinkafa da busasshen kifi da dabbobi. A da, la'adar dillali tana cikin littafin maigida ne, ko kuwa a bakin shaidu. A yau wannan sana'a ta shiga wayar hannu: matasa na tallar hajar wasu ta WhatsApp da Facebook, ana bai wa kowannensu adireshin intanet ko lamba tasa ta kansa, domin manhaja ta gane wanda ya kawo mai saye, ta rubuta masa la'adarsa.

Babu laifi ɗan kasuwa ya bar littafi ya koma manhaja, ko ya bar wata manhajar ya koma wadda ta fi araha ko sauri. Abin dubawa shi ne yadda za a yi ƙaurar, domin a nan ne haƙƙin dillali ya fi salwanta. Adireshin da ya rarraba makonni da suka wuce yana nan a wayoyin jama'a. Idan aka rufe tsohuwar manhaja dare ɗaya, mai saye zai latsa ya iske ƙofa a rufe, ko kuma ciniki ya faɗa amma sunan dillali bai fito ba. Maigida ya sayar, wanda ya sha wahalar talla ya tashi a tutar babu.

'Yan kasuwar yankin ba su manta da canjin kuɗi na farkon 2023 ba, sa'ad da Babban Bankin Nijeriya ya sa wa'adin daina karɓar tsofaffin takardun Naira 200 da 500 da 1,000 alhali sababbin ba su wadata ba. Kasuwanni suka tsaya cik, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Maris na shekarar cewa a ci gaba da amfani da tsofaffin tare da sababbin. Darasin a fili yake: ba a kashe tsohon tsari sai sabon ya tsaya da ƙafafunsa.

Saboda haka ya wajaba a bar manhajojin biyu su yi aiki tare na aƙalla wata guda, a riƙa kwatanta alƙalumansu a duk mako, tare da lura kada a biya ciniki ɗaya sau biyu. Kafin nan, a fitar da dukkan bayanan tsohuwar a adana, a biya kowane dillali abin da yake bi, ya sa hannu. A kuma saita tsofaffin adireshi su riƙa kai mai saye sabon wuri ɗauke da lambar dillalin, sannan maigida ya gwada sayen kaya da kansa ya ga ko la'adar ta faɗa inda ya dace.

Har ila yau, manhajoji sun sha bamban wajen hukunci. Wata tana bai wa wanda ya fara kawo mai saye, wata kuwa sai wanda aka latsa adireshinsa a ƙarshe. Wata tana riƙe sunan dillali kwana 30, wata kwana 7 kacal. Wannan sauya sharaɗin ciniki ne, don haka tilas a tara dillalai a bayyana musu kafin a soma, ba bayan rigima ta tashi ba.

Bugu da ƙari, masu saye da dama a wannan yanki sukan ga talla a waya, amma sai su kira, ko su tako har shago su biya kuɗi hannu. Manhajar da ba ta da wurin shigar da gajeriyar lambar da mai saye zai faɗa da baki ba ta dace da kasuwanninmu ba. A kuma tuna cewa lambobin wayar masu saye amana ce, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da su alhakin tsare su.

Jarin ɗan kasuwa ba a kuɗi kaɗai ya tsaya ba, har da yardar mutanen da ke kawo masa ciniki. Dillalin da aka ci masa la'ada ba lallai ne ya kai ƙara ba. Sai dai ranar kasuwa mai zuwa a ga ya kai masu sayensa rumfar maƙwabci.