Akwatin Sifika Na Gida Ya Fi Na Kanti, Amma Sai In Ka San Lissafin Om

Yau zan ɗan kauce daga gyaran waya, in yi magana kan akwatin sifika, musamman ga masu kaɗa jita da masu haɗa amfilifaya domin biki ko majalisi. Ra'ayina dai shi ne, mu da ke nan Tungar Daji da kewayen Anka, Gummi da Bukkuyum, gara mutum ya haɗa akwatinsa wajen kafinta da ya kwashi kuɗi ya sayo na roba mai fitilu.

Dalilina na farko gyara ne. Na robar nan in ya faɗi ya tsage, shi ke nan. In allon cikinsa ya ƙone, sai ka nemi irinsa a Gusau ko Sabon Garin Kano, kuma kowa ya san halin da hanya take ciki yanzu. Na katako kuwa, sifika daban, amfilifaya daban, waya daban. Abin da ya lalace shi kaɗai za ka cire.

Na biyu, lambobin da ke jikin kwali. In ka ga an rubuta wat dubu kaza da PMPO a gefe, talla ce kawai. Lambar da ake aiki da ita ita ce RMS. Sifikar jita mai inci 12 da wat 50 na gaskiya ta isa ta cika fili.

Wani zai ce ai kayan gida ba sa kai na kamfani. To ka duba Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan jihar Tawa ta Nijar. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, kuma ta katin memori da Bluetooth waƙoƙin suka yaɗu daga waya zuwa waya. Yau yana wasa a Amurka da Turai.

Sai dai fa, masu cewa haɗin gida yana ƙona amfilifaya suna da gaskiyarsu. Amma ba katakon ba ne ke ƙonawa, rashin lissafin om ne. Sifikun jita galibi om 4, 8 ko 16 ne. In ka ɗauki biyu masu om 8 ka haɗa fulos da fulos, mainos da mainos, sun koma om 4. In ka jera su, mainos ɗin ta farko ya shiga fulos ɗin ta biyu, sun koma 16. Duba bayan amfilifayarka, akwai mafi ƙarancin om da aka rubuta. In an ce 8 ka ba ta 4, za ta riƙa jan wuta fiye da ƙarfinta, ta yi zafi, ayisi ya tafi. Masu ƙara sifika ta uku da ta huɗu wai don ƙara ta ƙaru, nan suke yin asara.

Mitar da muke gwada waya da ita ta isa wannan aikin. Sifika mai om 8 za ta nuna maka wajen 6 zuwa 7, wannan daidai ne, kar ka ce an cuce ka. Don gane fulos, taɓa ƙafafunta da batirin tocila mai bolt 1.5. In takardar ta turo waje, ƙafar da ke kan fulos ɗin batir ita ce fulos. In sifika biyu suka saɓa, ɗaya na turawa ɗaya na ja, bes zai ɓace gaba ɗaya.

Wajen kafinta kuma, ka nemi filawud mai kauri milimita 18. Kar ka yarda da allon garin katako, damina ɗaya ya sha danshi zai kumbura, sukuru ya daina kamawa. A sa gam a kowace mahaɗa sannan a ɗaure da sukuru, ƙusa kaɗai tana saki saboda girgiza. Ramin sifika mai inci 12 kusan inci 11 ne, amma ka kai sifikar a auna a jikinta kafin a yanka. A ja yadi ko raga a gaba saboda ƙurar hunturu da yatsun yara.

Bayan akwatin fa? In ka bar shi a buɗe, sauti zai baje ko'ina, ya dace da ɗaki. In ka rufe ruf, bes zai yi ƙarfi ya nufi gaba, irin akwatunan Marshall na Ingila masu sifika huɗu da suka yi suna tun shekarun 1960. Don fili, ni rufaffe nake ba da shawara, a toshe duk wata kafar iska. Kuma jita ba ta son ƙaramar sifikar nan ta siririn sauti, tana mayar da ita kamar ana yaga kwano.

Abu na ƙarshe, wayar jita daban, wayar sifika daban. Ta jita siririya ce, ba a yi ta don ɗaukar ƙarfin amfilifaya ba. Sa waya mai kauri mai jijiya biyu, ka kama ta da dalma da kyau.

Kafin ka biya kafinta ko sisi, karanta bayan amfilifayarka tukuna, sannan ka sayi sifikar da ta dace da ita. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu.