Sunukar Sin da Lissafin Dokin Rano

Ranar 5 ga Mayu, 2025, a zauren Crucible da ke birnin Sheffield na Ingila, Zhao Xintong ya doke Mark Williams da ci 18 da 12, ya zama ɗan ƙasar Sin na farko da ya ɗauki kofin sunuka na duniya. Yana ɗan shekara 28 ya tashi da fam 500,000, hotonsa da tutar ƙasarsa a kafaɗa ya zaga duniya. Ni kuwa da na ga hoton, wani yaron ne ya faɗo mini a rai: Yan Bingtao, wanda Zhao ya girma da kusan shekara 3, wanda ya riga Zhao ɗaukar babban kofi, amma a wannan rana ba shi da izinin shiga kowace gasa ta ƙwararru. Ɗan kasuwa ba ya kiran riba sai ya cire uwar kuɗi. To, mu cire mu ga abin da ya rage.

Ding Junhui ne ya share wannan hanya. Mahaifinsa ya sayar da gidansu, ya kwashi iyali daga Yixing zuwa Dongguan, yaro ya bar makaranta ya koma yini a bakin tebur. A 2005, yana ɗan shekara 18, ya doke Stephen Hendry a wasan ƙarshe na gasar China Open, ƙasar ta ɗauki murna. Daga nan iyaye da dama suka ɗauki labarin Ding tamkar takardar magani: a cire yaro daga aji, a ba shi sanda, arziki na tafe. Ba wanda ya tsaya ƙirga gidajen da aka sayar yaron bai zama Ding ba, domin wanda ya faɗi a hanya ba a ɗaukar hotonsa.

Abin da ake fara biya shi ne ƙuruciya. An haifi Yan a birnin Zibo a Fabrairun 2000. Bai cika shekara 10 ba mahaifinsa ya ajiye aiki, ya cire shi daga makaranta, suka nufi Beijing suka kama ɗan ɗaki a bayan gari. Mahaifiyar ce ta ci gaba da ɗaukar nauyin gida, har ciwon daji ya kama ta a 2013. Sai mai karatu ya auna: yaro ɗan shekara 13 ya san an zuba duk abin da gidansu ya mallaka a kansa, mai ciyar da su tana kwance, kuma ba shi da wata sana'a ko takardar shaida sai wannan sanda. Wasa ya tashi daga wasa, ya zama bashi.

Ya kuwa biya, har da ƙari. A 2014 ya ci gasar duniya ta 'yan son-kai yana ɗan shekara 14. A 2015 shi da Zhou Yuelong suka ciyo wa ƙasarsu kofin duniya na ƙasashe. Matsalar biza ta jinkirta shigarsa sahun ƙwararru zuwa 2016. A 2019 ya ɗauki kofi a Riga, sannan a Janairun 2021 ya doke John Higgins 10 da 8 a gasar Masters, ya karɓi fam 250,000 yana ɗan shekara 20. Da a nan labarin ya tsaya, da masu cewa hanyar ta ɓulle sun gama magana.

Sai kuɗin ƙaura. Zuciyar sunuka tana Birtaniya, can ake buga yawancin wasannin share fage, don haka duk ɗan Sin da ke son sana'ar sai ya tare a can. Galibinsu Sheffield suke sauka, inda makarantun horo irin su Victoria's da ta Ding suke. Yaro ɗan shekara 16 ko 17, ba Turanci, ba uwa ba uba, daga ɗakin haya sai tebur. Da annobar korona ta zo a 2020, aka daina gasa a ƙasar Sin har zuwa 2023, komawa gida ma ta zama aiki. Wa irin wannan yaro zai jingina da shi in ba manyan 'yan ƙasarsu da suka riga shi zuwa ba? A al'adarsu, kamar a tamu, ba a cika musu da na gaba ba.

Ga kuma lissafin sana'ar kanta. Kimanin 'yan wasa 128 ne ke riƙe da katin ƙwararru. Sabon shiga shekara 2 ake ba shi. In bai kutsa cikin 64 na sama ba, ko ya samu wata ƙofar, sai ya koma neman gurbi daga farko. Babu albashi. Kuɗin jirgi, masauki, haya da na horo duk daga aljihunsa suke fita, kuma a gasa da dama wanda aka fitar a zagayen farko ko sisi ba ya samu. Sai a kakar 2022 zuwa 2023 masu shirya gasar suka fara lamunce wa kowane ɗan wasa fam 20,000 a shekara, shi ma ana cire shi daga abin da mutum ya ci. Mai kallo fam 500,000 yake ji a labarai. Na ƙasa kuwa kuɗin hayar wata yake lissafi.

Cikin wannan hali caca ta samu ƙofa. A Yunin 2023 hukumar WPBSA mai kula da wasan ta bayyana hukunci kan 'yan wasan Sin 10 bisa sayar da wasa da abin da ya danganci caca. Liang Wenbo da Li Hang, manyan cikinsu, an kore su har abada, domin su aka samu da jan na ƙasa cikin harkar. Yan ya amsa cewa ya sayar da wasanni 4 da ya buga, aka dakatar da shi shekara 5, zuwa Disamban 2027. Zhao bai sayar da nasa wasan ba, amma an same shi da hannu a abin da wani ya yi, da kuma yin caca a kan wasanni, ya sha wata 20. Kwamitin da ya yi shari'ar da kansa ya ambaci kaɗaici da matsin kuɗi da tasirin manya a kan yaran.

Ba wanke su nake yi ba. Wanda ya karɓi fam 250,000 ba zai ce yunwa ce kaɗai ta kai shi ba, kuma akwai takwarorinsu da suka sha wuya iri ɗaya ba su sayar da ko bugu ɗaya ba. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gasar Masters ɗin da Yan ya ci, sunan kamfanin caca na Betfred take ɗauke da shi, haka gasar duniya ta yi shekaru. Kuma an sha gargaɗi: an dakatar da Baturen Ingila Stephen Lee shekara 12 a 2013, an hukunta Yu Delu da Cao Yupeng a 2018. Masu kula da wasan sun ga hayaƙi, suka ci gaba da karɓar yara suna barin su a hannun duk wanda ya samu.

Mai musu zai nuna Zhao: ya sha hukunci, ya dawo ta ƙananan gasanni, ya ci wasa 9 a jere tun daga share fage har kofi. Gaskiya ne, kuma ya cancanci yabo. Sai dai a tuna iyayensa ma'aikatan asibiti ne a Shenzhen, waɗanda suka iya ajiye masa tebur a cikin gida. Wanda ke da wurin faɗuwa shi ke iya jiran wata 20. Haka kuma 'yan Sin 10 cikin 32 da suka isa Crucible a 2025 shaida ce cewa masana'antar ta ci riba: masu shirya gasa, gidajen talabijin, masu sayar da tebur da makarantun horo duk sun samu. Asarar ce ake barin kowane gida ya ɗauki tasa shi kaɗai.

Saboda haka duk wanda ya kawo maka kofin Zhao a matsayin hujjar cewa cire yaro daga aji dabara ce, lissafin dokin Rano ya yi maka: ya ƙirga wanda ya isa, ya bar waɗanda aka zubar a hanya. Yan Bingtao yana da shekara 22 lokacin da aka fara dakatar da shi, tun kafin a bayyana hukuncin. Ranar da hukuncinsa zai ƙare yana gab da cika 28, ba katin ƙwararru, ba takardar makaranta, kuma daga ƙasa zai sake farawa.