Kudus ko Alhassan Yusuf: wa za ka ɗauka a ƙungiyar unguwarku?

Idan kana leƙa gidajen kallon ƙwallo na Tudun Wada ko Sabon Gari a Gusau, ko kana bin musun da ake tafkawa a Facebook bayan an tashi wasa, ka san ma'aunin da muke auna ɗan wasa da shi. Ƙwallo nawa ya ci? Mutum nawa ya yanke? Bidiyonsa ya zagaya ko bai zagaya ba? Yau mu ajiye Madrid da Barcelona a gefe, mu yi musu na gida. Ga 'yan tsakiya biyu da suka tashi a inda ake jin Hausa: Mohammed Kudus na Gana da Alhassan Yusuf na Najeriya. Na san ka riga ka zaɓa tun daga kanun. To, ka ɗan riƙe amsarka tukuna.

Fara da kamanninsu, don abin har mamaki yake ba da. An haifi Alhassan a Kano a watan Yulin 2000. Bayan kamar mako biyu aka haifi Kudus a unguwar Nima da ke Akra, inda Hausa ce harshen titi da kasuwa. A 2018 duka biyun suka sauka arewacin Turai, Alhassan a IFK Göteborg ta Suwidin, Kudus a Nordsjælland ta Denmak, bayan ya fito daga makarantar ƙwallo ta Right to Dream. Kudus ya koma Ajax ta Holan a 2020, Alhassan ya koma Royal Antwerp ta maƙwabciyarta Beljiyam a 2021. Kowannensu ya ɗaga kofin lig a can. Kowannensu ya buga Kofin Afirka a Kwaddibuwa a farkon 2024. Daga nan hanya ta rabu sosai. Kudus, wanda ya shiga West Ham a 2023, ya wuce Tottenham a 2025 kan kuɗi kusan fam miliyan 55. Alhassan kuwa ya tafi Amurka a 2024, ya sa hannu a New England Revolution.

Ƙarfin Kudus ba ya buƙatar dogon bayani, ido ma ya isa. Idan ƙwallo ta manne a ƙafarsa ta hagu, sai dai ka ture shi, kuma turewar ma ba ta da sauƙi, don ƙugunsa da cinyoyinsa kamar an kafa turmi ne. A kakar 2023/24 babu wanda ya kai shi yawan yanka a gasar Firimiya. Ka tuna ƙwallon da ya ci Freiburg a watan Maris na 2024, ya ɗauko ta tun daga gidansu yana watsar da mutane har raga. Ka tuna wadda ya ci Manchester City da bugun baya a ranar ƙarshe ta wannan kakar. Kuma yana da abin da ba a koyarwa: babban fili ba ya ba shi tsoro. Ya ci Liverpool a Anfield a 2022 yana Ajax. Ya ci Koriya ta Kudu biyu a Kofin Duniya na Katar, Gana ta yi nasara 3-2. Ya ci Masar biyu a Kofin Afirka. A watan Oktoban 2025 ƙwallonsa ce a ragar Komoros ta rufe wa Gana wasannin neman gurbin Kofin Duniya da nasara.

Amma inda ƙarfinsa yake, nan rauninsa ya kwanta. Mai iya yanka yana yarda da ƙafarsa fiye da yadda yake yarda da abokin wasansa. Sau nawa ka ga ɗan gaba ya buɗe, yana ɗaga hannu, Kudus ya ƙara yanka ɗaya, ƙofar ta rufe? Shi ya sa masu horarwa suka daɗe suna juya shi. Shi yana ganin kansa lamba goma ne, Ajax ta sa shi a gaba kamar lamba tara, David Moyes ya tura shi gefen dama a West Ham. Koci ba ya damƙa tsakiyar fili ga wanda bai tabbatar zai saki ƙwallo a kan lokaci ba, domin wadda aka ƙwace a tsakiya kai tsaye take komawa kan masu tsaron baya. Na biyu, wasansa hawa da sauka ne. Ya ci 8 a Firimiya a kakarsa ta farko a West Ham, ta biyu ya tsaya a 5. Na uku, zuciya. A watan Oktoban 2024, a wasan da Tottenham ta ci West Ham 4-1, ya kai hannu fuskar Micky van de Ven da ta Pape Matar Sarr, ya karɓi jan kati, aka dakatar da shi wasa biyar. Wasa biyar ƙungiya tana neman tauraronta, shi yana zaune a sama yana kallo. Abin dariyar ma, ƙungiyar da ya yi rigimar da 'yan wasanta ita ta saye shi bayan wata tara.

Yanzu juyo wajen ɗan Kano. Idan ka nemi bidiyon Alhassan na daƙiƙa talatin da kiɗa a bayansa, da ƙyar ka samu wanda zai sa ka tura wa wani. Aikinsa gudu ne, da tare hanya, da ƙwace ƙwallo, da miƙa ta ga na kusa kafin abokin hamayya ya dawo hayyacinsa. Yana cikin 'yan wasan Antwerp da suka ci lig ɗin Beljiyam a 2023 ƙarƙashin Mark van Bommel, karo na farko tun 1957, suka haɗa da kofin ƙalubale na ƙasar a shekara guda. A watan Disamban 2023 Antwerp ta doke Barcelona 3-2 a Gasar Zakarun Turai. Ƙwallo ta biyu Vincent Janssen ne ya ci, sunansa ne ya hau allo. Amma wa ya ƙwace ta a ƙafar Oriol Romeu ya miƙa masa? Alhassan. 'Yan Barça za su ce ai sun riga sun fito daga rukuni a lokacin. Gaskiya ne. Sai dai Romeu bai bayar da ƙwallon kyauta ba, ƙwace ta aka yi.

Haka ya shiga Super Eagles, ba da ganga ba. Wilfred Ndidi ya ji rauni gab da Kofin Afirka, José Peseiro ya kira Alhassan ya cike gurbin. Ranar 14 ga Janairun 2024, a wasan farko da Ikwatoriyal Gini da aka tashi 1-1, da shi aka fara, kuma da yawa daga cikinmu ranar muka fara tambayar ina wannan yaron yake tun da. Najeriya ta je wasan ƙarshe, ta sha kashi 2-1 a hannun masu masauki. Gana ta Kudus, duk da ƙwallayensa biyu masu kyau, ko wasa ɗaya ba ta ci ba, a rukuni ta tsaya.

Kada ka ɗauka Alhassan ba shi da nasa. Ba ya cin ƙwallo sosai, kuma ɗan tsakiyan da ba ya tsoratar da raga, abokan hamayya sukan bar shi da ita su je su tsare wasu. Idan ƙungiya ta taru a gidanta ta kulle ƙofa, ba shi ne zai fasa ta da fasin guda ɗaya ko yanka ba, wannan aikin irin su Kudus ne. Jikinsa ba babba ba ne, ƙwallon sama ba tasa ba ce, kuma irin wasansa na cin jiki. A wannan wasan na Ikwatoriyal Gini ma rauni ne ya fitar da shi kafin a tashi. Sannan ga zaɓinsa na tafiya Amurka yana ɗan shekara 24, lokacin da sa'o'insa ke kokawar shiga manyan lig-lig biyar na Turai. Wasannin can da tsakar dare suke zuwa mana, gidan kallo ya rufe, mai janareta ya tafi gida. Wanda ido ba ya gani, baki ma yakan manta da shi, ga shi kuma a Super Eagles akwai Ndidi da Frank Onyeka da Alex Iwobi a gabansa.

To wa ya fi? Ba sai mun wahalar da juna ba. A baiwa, Kudus ya fi, kuma kasuwa ma ta faɗi haka da kuɗinta. Duk wanda ya ce maka ba haka ba, son gida ne ke magana. Amma tambayar da ke sama daban ce, kuma a nan nake so ka ɗan yi lissafi. Wasa minti 90 ne, 'yan wasa 22 ne, ƙwallo ɗaya ce. Ko da a ce ƙwallon ba ta taɓa fita waje, aka raba daidai, kowa minti huɗu da 'yan daƙiƙu zai samu. Cire lokacin jifa, da bugun kusurwa, da kwanciyar masu rauni, da wanda take yi a iska. Abin da ya rage ɗan kaɗan ne. Ke nan sama da minti 80 ɗan wasa yana fili babu ƙwallo a ƙafarsa. Bidiyon TikTok daga cikin waɗancan 'yan mintuna ake yanko shi, kuma mafi kyawunsu kaɗai. Sauran wasan, wanda a cikinsa ake cin kofi ko a zubar, ba ya zuwa wayarka.

Wannan ba musun gidan kallo kaɗai ba ne, yana biyo mu har fili. Je filin makaranta a Tsafe ko Bungudu bayan La'asar ka tsaya ka duba. Kowane yaro lamba goma yake so. Wanda ya zura wa wani ƙwallo ta tsakanin ƙafa, ihu har bakin titi, ko da an ƙwace ta bayan taku biyu. Wanda ya dawo da gudu daga gaba ya toshe ramin da wani ya bari, ba mai tafa masa, wataƙila ma a ce masa ɗan wahala. Yaro kuwa inda aka tafa masa can yake komawa. Muna zaune muna tarbiyyar yara goma masu kwaikwayon Kudus, alhali a cikin dubu da ƙyar a samu ɗaya mai ƙafarsa. Sauran sun ɗauki riƙe ƙwallonsa, ba su da baiwar da ke sa a yafe masa. Shi ya sa za ka ga ƙungiyar unguwa cike da gwanaye, a gasar cin kofi ta fita tun zagayen farko a hannun wasu yara da ba ka san sunan ko ɗaya ba.

Abin da Alhassan ke yi kuwa ana koyonsa. Duba bayanka kafin ƙwallo ta iso. Sanin inda za ka tsaya idan naku sun tafi hari. Sakin ƙwallo a taɓawa ɗaya ko biyu. Numfashin da zai kai ka minti 90. Babu ɗaya a ciki da ke buƙatar filin ciyawa ko takalmi mai tsada. Kuma ka san halin da muke ciki a Zamfara: masu farautar 'yan wasa ba kasafai suke biyo hanyar Funtuwa zuwa Gusau ba saboda matsalar tsaro. Yaron da ya samu damar gwaji, a filin tunawa da Sardauna ne ko a Kano ko Kaduna, wataƙila sau ɗaya zai same ta. Mai duba shi cikakken wasa zai kalla, yana lura da abin da yaron ke yi idan ƙwallo ta kuɓuce masa. A nan ake zubar da yawancin gwanayen unguwa.

Wani zai ce, to in kowa ya zama mai tare hanya, wa zai biya kuɗin kallo? Maganarsa a kan hanya take. Ƙwallo ba tare da masu yanka ba tuwo ne babu miya, kuma kocin da ya tsawata wa yaro mai baiwa har ya daina gwadawa ya yi ɓarna babba. Idan Allah ya ba unguwarku mai ƙafar Kudus, a bar shi ya yanka. Amma a gaya masa gaskiya tun yana ƙarami: ya ɗaga kai, ya san lokacin saki, ya riƙe zuciyarsa idan an taka shi. Kuma a nuna masa yaron da ke share masa baya, a ce masa wannan ne ya sa kake da 'yancin yin abin da kake yi. Gana ta je Kwaddibuwa da Kudus, an zura mata ƙwallo biyu a kowane wasa cikin ukun da ta buga. Tauraro ɗaya bai hana hakan ba.

Saboda haka ga amsata. Idan kuɗin shiga zan biya in kalli mutum ɗaya, Kudus zan kalla. Idan kuma aka ba ni ƙungiyar unguwa aka ce in kawo kofi, Alhassan zan fara rubutawa a takarda, sannan in fita neman Kudus ɗina. Kana iya ƙin yarda, ai musu ne. Amma kafin ka yanke hukunci, yi wannan gwajin a wasan da za ka kalla na gaba. Zaɓi ɗan tsakiya ɗaya, ka bi shi da ido minti 15, ka ƙyale ƙwallon ta je inda za ta je. Ƙirga sau nawa ya waiga, sau nawa ya toshe hanya, sau nawa ya tsaya yana kallo bayan an ƙwace masa. Idan an tafi hutun rabin lokaci, sai ka gaya wa na kusa da kai a benci abin da ka gani. Ranar da za ka je filin unguwa kuma, idan wani yaro ya dawo da gudu ya ƙwato ƙwallon da gwani ya zubar, ka tafa masa da ƙarfi yadda zai ji.