A Tattara Waƙoƙin Samarin Kano Kafin Su Salwanta

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini domin in yi kira ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da kuma Jami'ar Bayero.

Ina cikin samarin da suka rungumi gambarar zamani tun ana yi mata kallon iskanci. Mu uku ne daga Kumbotso, ba ubangida, ba ko sisi. Da rani sai mu tafi Kadawa ƙwadagon tsinkar tumatir, mu yi dakon kwanduna a Kwanar Gafan. Abin da muka tara shi muke kaiwa situdiyo a titin Gidan Zu a buga mana fiyano. Muryoyinmu kam, tsakani da Allah, ba daɗi. Amma abin da muke faɗa, rashin aikin yi, tsadar taki, 'yan siyasar da ke ɗirka wa yara ƙwaya, ba mawaƙin fada da zai taɓa shi. Mahaifina ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata.

A 2009 kotun tafi-da-gidanka ta haramta waƙoƙi 11 a Kano, har da "Girgiza Kai" ta Ziriums, aka kuma kama Aminu Ala. Sai waƙoƙin suka koma yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth.

To, a Ingila ma an yi haka. Samarin da suka ɓullo da kiɗan fank, mai hargowa da tsiwa, wajen 1976, yawancinsu ba su ƙware da jita ba. BBC ta hana sa waƙar Sex Pistols kan Sarauniya a 1977. Amma a 2016 babban ɗakin karatu na ƙasar da kansa ya baje kolin kayan tarihinsu.

Mu fa? Waƙoƙinmu shida suna cikin kwamfutar wani situdiyo wuta ta ƙona ta. Faifan da ya rage a hannuna duk ya karce, waƙa biyu kawai ke tashi. Irina suna da yawa.

Ban ce duk abin da muka rera alheri ba ne. Akwai baitin da yanzu ba zan so 'ya'yana su ji ba. A adana har da shi. A sanar ta rediyo cewa mai tsohon faifai ya kai Gidan Ɗan Hausa a kwafa. Ni ne zan fara kai nawa.

Naku,
Manomin rani,
Kumbotso, Jihar Kano.