Rijiyar Kolmani da Harshen Masu Gonaki

A 2019 kamfanin NNPC ya sanar da gano ɗanyen mai a Kolmani, kan iyakar Bauci da Gombe, aka kuma ƙaddamar da aikin haƙa a Nuwamba 2022. Muhawara ta fi karkata ga jihar da ke da rijiyar. Abin da ya kamata ya dami masana Hausa shi ne takardun diyyar gonaki da rahoton tasirin aikin ga muhalli, waɗanda da Ingilishi aka saba rubuta su, alhali manomin Alkaleri da makiyayin Akko da Hausa suke hulɗa. Wajibi ne sassan Hausa na jami'o'i su daidaita kalmomin wannan fanni, su fassara takardun, tun kafin mai gona ya dangwala yatsa a kan abin da bai fahimta ba.