Wa Za a Shimfiɗa wa Tabarma?

Tun 1999 masana suka kafa ƙungiyar duniya mai nazarin harshe da jinsi, wadda ake kira IGALA, kuma a 2018 ta kawo taronta Gaborone ta ƙasar Botswana. Da za a kafa irinta domin Hausa, gardamar farko ita ce wa ya cancanci zama ɗan ƙungiya.

Za a ce malaman jami'a. Ba mu musa iliminsu ba, amma mu da muka tashi a zangon Kumasi da Nima muna da abin tsoro. A Hausar Kano kowane suna tilo namiji ne ko tamace: rana ta faɗi, wata ya fito. A bakin yawancinmu wannan bambanci ya sassauta, har yaro ya ce "uwana ya zo" ba wanda ya ɗaga kai. Harshen Twi da muke kwana muke tashi da shi ma bai raba "shi" da "ita" ba. Baƙo daga Kano yakan yi murmushi ya ce mun ɓata Hausa. In duk mazauna tabarmar irinsa ne, maganarmu babin kurakurai za ta shiga, alhali ita ce za ta amsa babbar tambaya: idan nahawu ya daina raba mace da namiji, zaman gida yakan canja? Mu dai mun ga bai canja ba. Har gobe akwai iyayenmu mata da ba su ambatar sunan miji ko na ɗan fari, kuma kalmar "bazawara" nauyinta na nan.

Wasu na ganin mata kaɗai za a bar wa fagen. Ba mu yarda ba. Wanda aka jefa da "tuzuru" ko "mijin ta ce" shi ma ya san zafin harshe, a bar shi ya faɗa.

Sharaɗinmu ɗaya ne: mai shigowa ya zo da abin da kunnensa ya ji, huɗuba kuwa tana da mumbarinta. Tsohuwa mai sayar da koko, wadda ta haddace habaicin kishiyoyi da kirarin amare, ta cika sharaɗin nan. An saba a naɗi muryarta a tafi da ita, a buga takarda da Turanci. Muna so a rubuta sunanta cikin 'yan ƙungiya, a sassauta mata kuɗin shiga, a yi zaman da Hausa, ranar zaɓen shugabanni kuma a ƙirga ƙuri'arta.